Sunan da Mai Hoto Ta Kira

Bismillahir Rahmanir Rahim

Al-Shifa, Riyad
Laraba da hantsi

Zuwa ga 'Yar Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, Ya kai ki Zariya lafiya ranar Asabar, Ya sauke ki a hannun masu tausayi. Allah Ya jiƙan Babanki, Ya yalwata masa makwanci.

Kin fita tun da safe kan takardun tafiyarki. Kin ce "na tafi" kina kallon ƙofa. Kwana uku ke nan muna gida ɗaya ba abin da ke haɗa mu sai "ga shayi" da "na ƙoshi". Sau biyu na zo ƙofar ɗakinki don in yi magana, sau biyun na juya. Shi ya sa na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Na kuma san karatun Hausa yana ba ki wuya, da Larabci ne da a tsaye za ki shanye shi. Ki bi a hankali.

Ba na iya zama waje ɗaya. Tun da na shiga takaba nake zagaye gidan nan, daga kicin zuwa taga, daga taga zuwa keken ɗinki. Ko wannan takardar na tashi a kanta sau uku kafin in kai nan. Saura mini wata biyu da kwana goma sha ɗaya in fita, ke kuma kwana uku suka rage miki a ƙasar da aka haife ki. Ba zan iya raka ki filin jirgi ba. To ba zan yarda ki hau jirgi da maganar da na faɗa miki ranar Lahadi a ƙirjinki ba.

Kin shigo da rigar bikinki a kafaɗa, babban almakashina a hannu. Kika ce iddarki ta cika, ƙawarki Rima mai kyamara za ta ɗauke ki hotuna a tsohon garin Dir'iyya ranar Juma'a bayan la'asar. Za ki sa rigar, ki yanka ta a gaban kyamara. Kika ce, "Khalas, Mama, so nake in ga da idona cewa ya ƙare." Ni kuma na ce baƙin cikin aurenki ne ya kai ubanki ƙasa, ko wata biyu bai cika ba za ki yi kwalliya ki je a ɗauke ki hoto. Kika ajiye almakashin a hankali, kika ce "tayyib", wato shi ke nan, na ji kina kiran Rima kina cewa a fasa.

Ƙarya na yi miki. Ciwon zuciyar Babanki ya girmi aurenki da shekaru, ke ce ma kike karanta masa takardar magani. Ranar da ya je ya ɗauko ki da akwatunanki daga gidan mijinki, bayan kin shige ɗaki, ya zauna a kujerar kicin ya cire hula ya ce, "Hauwa, zubo mini abinci da yawa. Yau ne zan ci in ji daɗinsa." Ya cinye, ya nemi ƙari. Watan nan guda da ya yi da ke a gida kafin rasuwarsa, ban taɓa ganin yana sauri ya dawo daga aiki kamar lokacin ba. Abu ɗaya ya dame shi, yana so ya mayar da iƙamarki, takardar izinin zamanki, ƙarƙashin sunansa, Allah bai nufa ya ƙarasa ba. Ki ajiye wannan kayan, ba naki ba ne. Duk wanda ya sake ɗora miki shi a Zariya, ko Gwaggonki Rabi ce, ki ce uwarki ta shaida ba haka ba ne.

Almakashin nan da na gani a hannunki ne ya firgita ni, kuma akwai dalili. Zan faɗa miki abin da ni da Babanki muka rufe shekara ashirin da shida.

Ya taɓa sakina. Saki ɗaya, ina da cikinki wata biyar, ban cika shekara a Riyad ba. A Al-Naseem muke lokacin, ɗaki ɗaya a saman wani shagon tayoyi. Yana tuƙi tun asuba, ni ina kulle, ban san kowa ba, ban san Larabci ba in ban da na salla. Kullum ya dawo sai na tare shi da kukan a mayar da ni gida. Ran nan ya dawo kafilinsa, ubangidan da yake wa tuƙi, ya zage shi a gaban mutane, ni ma na ɗora nawa, sai kalmar ta fita. Na ɗauki jakata na sauka gidan Hajiya Talatu, wata 'yar Katsina da ke bayan layinmu. Ita kaɗai na sani.

A ɗakinta na yi wautar farko. Ina da hotunan bikinmu guda bakwai da aka ɗauka a Zariya. Na samu reza na zauna na fitar da shi daga kowanne, a tsanake, kamar mai gyaran farce. Na zuba guntayen a kwandon shara. Wallahi na ji sanyi a raina, na kusan awa ɗaya.

Yau ba ni da hoto ko ɗaya da nake tare da mijina. Bayan nan bai ƙara yarda ya tsaya kusa da ni a gaban kyamara ba. In na ce ya zo, sai ya ce, "A'a, ina tsoron reza." Da wasa yake faɗa, amma bai taɓa zuwa ba. Hotunan tsufansa suna cikin wayarki, na sani. Ni saurayin nan nake so in gani, mai siririn wuya da hula a karkace, wanda ya zo zance da keken aro. Tun da ya rasu nake ƙoƙarin tuno fuskar, tana zuwa tana gudu. A ɗaya daga cikin hotunan rezar ta bar hannunsa a kafaɗata, da agogonsa. Shi nake ɗaukowa in duba. Yatsu huɗu da agogo, abin da na bar wa kaina ke nan.

Don haka kada ki lalata komai da zafi. Ban ce ki rataye hoton mutumin nan a bango ba. Ki tattara na bikin, da na waya, ki sa su inda ba za ki riƙa cin karo da su ba, ki ba su shekara biyar. In bayan nan kina so ki ƙona, ki ƙona. A cikinsu akwai Babanki sanye da babbar rigar da ya yi wata uku yana tanadi. Akwai ke kanki kina da shekara ashirin da biyu, kuma yarinyar nan ba ta yi wa kowa laifi ba.

Na tashi na kashe tukunya, na dawo.

Wauta ta biyu ita ce hoton da na je aka ɗauke ni. Ashe kin ga ba ke kika fara ba. Kwana tara da sakin, Hajiya Talatu ta ce akwai mai tafiya gida, in ina da saƙo. Na ce zan aika wa Innata hoto, don kada labari ya riga ni isa. Gaskiyar kuwa, so nake hoton ya bi ta gidan su Babanki a gani, a ce ai ko a jikinta. Na ari sarƙar gwal da awarwaro shida na Hajiya, na ari leshinta, na sha jan baki. Mijinta Malam Sale ya kai mu wani situdiyo na mata.

Mai hoton wata Bamisriya ce mai ƙiba. Ta zaunar da ni gaban labule mai zanen ruwa da bishiyoyi, ta leƙa kyamara, ta ce, "Ibtasmi."

Na ce, "La. Hauwa."

Ta ɗago kai ta ce, "Ibtasmi, ya habibti, ibtasmi!"

Na dafa ƙirji na ce, "Ana Hauwa. Hauwa'u."

Ni duk zatona ta ɗauke ni wata ce mai suna Ibtisam, kada a ba wata hotona. Hajiya Talatu tana waje tana cinikin turare, ba mai gaya mini cewa murmushi ake ce in yi. Matar ta yi ta faɗa, ni ina ta gyara mata, har raina ya ɓaci. A haka ta danna. Hoton ya fito ga gwal har gwiwar hannu, ga fuska kamar an ce in biya kuɗin labulen.

A lokacin sai an kwana uku ake wanke hoto. Malam Sale ya je karɓowa, kuma maimakon ya kawo mini, ya kai wa Babanki. Da la'asar sai ga shi a ƙofar Hajiya da ambulan a hannu. Ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ya ce, "To me aka yi miki a wurin hoton?" Na ce matar ce ba ta da kunne, ina ce mata Hauwa tana ce mini Ibtasmi. Ya dube ni. Sai ya fara dariya, har ya zauna a kan matakala yana riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya fassara mini. Ni ma na yi, ina yi ina kuka. A kan matakalar nan ya ce ya mayar da ni. Da aka haife ki ya ce ai tun kina ciki aka raɗa miki suna, shi bai isa ya canja ba.

Mun ce miki sunan wata ungozoma mai kirki ne. Babu wata ungozoma.

Abin da nake so ki ɗauka a nan: hoton da aka yi don idon wani ba ya fitowa daidai, ko an yi murmushin. Na yi ado da kayan aro don in ƙona ran mutum ɗaya, kuma duk wanda ya kalli hoton abin da yake gani mace ce da ke jiran a zo a ɗauke ta. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, wa kike so ya ga hotunan Juma'a? In so kike ki ɗora a waya don ƙannensa su gani su kai masa, to har yanzu kina gidansa, kin dai canja ɗaki ne. In naki ne, ki wanke guda biyu ko uku a takarda, ki sa a akwati. Wata rana za ki so ki ga yadda kike a makon da kika tashi da ƙafarki.

Kada kuma ki karanta labarin nan ki ce Mama tana nufin a koma. A'a. Wannan ce wautata ta uku, kuma ta fi sauran nauyi.

Sau nawa kika zo gidan nan cikin shekara biyun ƙarshe kika zauna a bakin gadona kika ce kin gaji? Kika ce yana yin sati bai yi miki magana ba, ya karɓe katinki na banki, ya hana ki aikin da kika samu. Me na ce? Na ce ki yi haƙuri, maza haka suke, wata rana za ku yi dariyar abin. Ina auna aurenki da nawa, alhali Babanki mutum ne da ya yi kuskure ɗaya ya yi shekara ashirin da shida yana gyarawa. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Na san iƙamarki tana hannun mijinki. Na san tawa ta aiki ce a shagon ɗinki, ba ta ɗaukar kowa. Na lissafa cewa in auren ya mutu za a buga miki fita ta ƙarshe daga ƙasar nan, ke kaɗai kuma Allah Ya bar mini. Haƙurin da na yi ta ba ki, rabinsa don kaina ne, don in riƙa ganinki ranar Juma'a kina cin dambuna. Na sayi kusancinki da shekara biyu na rayuwarki. Ga shi tafiyar ba ta fasu ba. Ki yafe mini.

Nan gaba in wani ya ce ki yi haƙuri, ko ni ce, ki duba me zai rasa in kin ƙi. Ba duk mai ba da haƙuri ne mugu ba, amma ki duba.

Yanzu maganar riga. Tana kan gadonki, a cikin jakar da wannan takarda take. Jiya da kika fita na ɗauko ta. Ni na ɗinka ta, sati shida ina kanta bayan an tashi daga shago, na san inda kowane zare ya bi. Ban sa mata almakashi ba. A wurin aikinmu in amarya ta kawo gyara, sabuwar ma'aikaciya ce ke saurin yanka. Mu da muka daɗe, allura muke sawa mu warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ya fi cin lokaci amma yadin yana fita lafiya. Haka na yi. Na warware doguwar jelar nan da sai da 'yan mata huɗu suka riƙe miki. Na cire duwatsun ƙirji da kika ce suna soke ki tun a daren bikin. Na sassauta ƙugu, na ɗaga ƙasan yadda za ki yi tafiya ba mai riƙe miki komai. Abin da ya rage farar doguwar riga ce mara hayaniya. Jelar na naɗe ta daban, yadi ne mai kyau, zai yi abin da kika ga dama.

In kin gwada kin ga duk da haka sai kin yanka hankalinki zai kwanta, almakashin yana aljihun keken ɗinki na hagu. Rigarki ce. Na faɗi nawa.

Ki kira Rima ki ce ba a fasa ba. Sai bayan da na huce na gane abin da ya sa kika zaɓi Dir'iyya. Shekara huɗu Babanki yana kai leburori wurin a bas, yana dawowa da jar ƙasa a takalmi. Shi ne ya riƙa ce miki ginin ƙasar can kamar cikin birnin Zazzau, har ya kai ki ya nuna miki. Ni na ji kalmar hoto kawai na hau faɗa. Ki je. Ki ɗora abaya har ku isa, ki tafi da ruwa, kada ki tsaya kusa da inda ake aiki. In an kira magariba ku yi salla kafin ku kamo hanya.

Game da Zariya, ba ni da dogon bayani, rabona da zama can ya fi shekarunki. Sau uku kika taɓa zuwa, duk a baƙuwa. Wannan karon za su yi dariyar Hausarki, za su ce 'yar Saudiyya ba ta iya tuƙa tuwo ba. Ki yi dariyar tare da su. Za a tambaye ki me ya kashe auren, wasu don tausayi, wasu don su samu na kaiwa gaba. "Zama ya ƙare" ya ishe su. Gwaggo Rabi tana da faɗa amma ba ta da mugunta, in ta yi tsawa ki ba ta shayi mai na'ana'a irin wanda kike yi wa Babanki. Za a fara kawo miki masu neman aure tun ba ki kwance akwati ba. Kada ki yi sauri don a daina kiranki bazawara, suna ne kawai, ba ya cizo. Ki nemi aiki da Larabcinki, makarantu suna so. Ni ma in na fita takaba zan ga abin da ya rage mini a garin nan. Kabarinsa yana nan, ke kina can, ban san yadda zan yi ba tukuna. Kada ki sa wannan a ranki yanzu.

Na sake tashi, na ɗauka motar da ta tsaya taki ce. Ba ke ba ce. Bari in yi sauri.

Saura abu ɗaya. Kina aji uku kika dawo daga makaranta kika tambaye ni me ya sa uwar Rima take kiranta da sunanta, har da habibti, wato masoyiyata, ni kuwa sai "ke" ko 'Yar Malam. Na ce ki tafi ki cire kayan makaranta. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna tana sonsa. Kunya ce, haka na ga Innata ta yi da yayana, ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauko abin na kawo shi ƙasar da ba wanda ya san ma'anarsa, na yi ta yi wa yarinyar da ba ta da kaka ko gwaggo kusa da za su kira ta a madadina. Ranar bikinki ma da mai hoto ta ce uwar amarya ta zo, kicin na gudu. Ki duba duk hotunan gidan nan, ba inda muke tare. Wancan na yanke da reza, wannan kuwa ban ma bari an ɗauka ba.

To ga roƙona. In kun gama a Dir'iyya, ki zo da Rima gida. Ba zan yi kwalliya ba, ba kwalli ba turare, da wannan hijabin mai ruwan toka za ta same ni. Ta ɗauke mu a kicin, kusa da kujerarsa. Ki dafa kafaɗata, ki bar hannunki a wurin. Guda biyu za a wanke, ki tafi da ɗaya.

In ta ɗaga kyamara ta faɗi kalmar nan, a can ko a nan, kada ki tilasta wa fuskarki. In murmushin bai zo ba, a ɗauka a haka, ranar haka take. In kuwa ya zo, ki bar shi. Ni dai wannan karon na san abin da ake cewa, kuma ba zan ce mata Hauwa ba.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Ya sa jirgin ya tashi lafiya ya sauka lafiya. Ya haɗa ki da mutanen kirki a hanya da inda za ki, Ya kare ki daga bakin mutane da kaɗaicin zuciya, Ya musanya miki da abin da ya fi alheri a lokacin da Ya ga dama. Na yafe miki duniya da lahira, ban ma san abin da zan yafe ba. Allah Ya yi miki albarka, Ibtisam.

Na rubuta. Na kuma faɗa da baki yanzu, ni kaɗai a kicin, don in saba kafin ki dawo.

Wassalamu alaikum.

Mamanki,
Hauwa